Filin da ya fi kyau a kunne

Wani dare a shirinmu na wasanni, bayan an kammala gasar Masters, wani dattijo ya bugo waya ya tambaye ni wane filin golf ne ya fi kyawun tsari a duniya. Ko numfashi ban ja ba na ce Augusta, na ƙasar Amurka. Ya ce, "To ɗana, saboda me?" Na shiga lissafa masa furanni da koriyar ciyawa da farin yashi. Ya yi dariya ya ce shi ta rediyo yake saurarena, kore ba ya shiga kunne. Makirufo a buɗe, na rasa ta cewa.

Gaskiyarsa. Mu da muka tashi inda ciyawa ke bushewa tun kafin hunturu, da mun ga kore sai hankalinmu ya tafi.

Sai na koma na sake duba filayen biyu da aka fi gwadawa, ina tambayar kaina me zai rage idan aka cire launi. A Augusta, rami na 12 ya rage. Yadi 155 ne kacal, da rafi a gabansa, da iska mai juyawa tsakanin itatuwa. A 2016 Jordan Spieth yana kan gaba ya jefa ƙwallo cikin ruwan har sau biyu, ya tashi da bugu 7, kofi ya kuɓuce. Tambaya ɗaya ramin yake yi: ka tsallake ko ba ka tsallake ba?

Tsohon filin St Andrews na Sikotland kuwa ba a zauna an zana shi a takarda ba. Iskar teku da sawun 'yan wasa na ɗaruruwan shekaru ne suka fara yi masa fasali, kuma a 1764 aka rage ramukansa daga 22 zuwa 18. A rami na 17 kana buga ƙwallon farko ba ka ganin inda za ta sauka, don kusurwar otal ta tare. Ka bi dama, hanyar haɗari, bugu na biyu ya yi sauƙi. Ka guje zuwa hagu, ka haɗu da wani zurfaffen ramin yashi a gaba, titi da katanga a baya. Tommy Nakajima sai da ya yi bugu 4 kafin ya fita daga yashin nan a 1978. Kullum da irin shawarar da za ka yanke, gwargwadon iskar ranar. Wannan ina iya ba makaho labarinsa ya ji gabansa ya faɗi.

Abin da ya ƙara kunyata ni, Alister MacKenzie da Bobby Jones da suka tsara Augusta, su kansu St Andrews suke ƙauna, daga can suka ɗauko darasi.

Mako na gaba na janye maganata a kan iska, na ce St Andrews, filin da rani ke mayarwa ruwan ƙasa kamar gonar gero bayan girbi. Dattijon bai sake bugowa ba. Har yau nakan duba allon waya idan shirin ya zo ƙarshe.