Takardar Indijin da Jikokin 'Yan Tasha



A watan da ya wuce, bayan sallar Azahar, wani dattijo daga cikinmu ya tsaya a bakin masallaci har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da magana." Jikansa ya ci jarrabawa, ya samu gurbin karatu, amma an ce sai ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira takardar indijin. Yaron nan a Shango aka yanke masa cibiya. Ubansa a Limawa aka haife shi. Shi kansa dattijon a wani gida kusa da tashar jirgin ƙasa ya zo duniya. Da suka je ofis sai aka ce su kawo wasiƙar mai unguwa da mutum biyu da za su shaida cewa tushen gidansu nan ne. Abin da yake so shi ne mu sa hannu. Muka ce, "Baba, a ba mu kwana biyu." Daren nan ba mu yi barcin kirki ba, domin labarin gidansa shi ne labarin gidanmu, kuma shi ne na rabin sahun da ke bayanmu a kowace salla.

Yaranmu da yawa ba su san yadda aka yi muka zo nan ba, to bari mu ɗan koma baya. Kafin Turawa, wannan ƙasa ta Gwarawa ce, ko Gbagyi kamar yadda su suka fi so a kira su, suna zaune a kan tsaunuka da gindinsu suna noman doya da dawa. Abin da ya canza wurin shi ne dogo. A shekarar 1907 aka fara shimfiɗa layin jirgin ƙasa daga Baro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafuna, ya bi ta Badeggi ya ratsa nan, ya isa Kano a 1911. A 1912 layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Daga nan wurin ya zama mahaɗa. Ba da daɗi aka yi aikin ba. Gwarawa da Nufawa da yawa ta hannun sarakuna aka tilasta musu ɗaukar ƙasa da duwatsu a ka. Amma da jirgi ya fara busa, mutane suka kwararo da kansu: leburori, 'yan kwangila, mahauta, dillalan gyaɗa da kaɗanya, fataken goro, malamai da almajiransu. Yarbawa da Ibo suka zo aikin akawu da kanikanci. Sunayen unguwannin gari ma suna ba da labari ga mai kunne: Kwangila, Limawa, Sabon Gari, Ƙetaren Gwari.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso, da 'yar jakarsa da allonsa. Ya yi dako a tasha, ya koma sayen doya yana lodawa zuwa Kano, ya dawo da gishiri da atamfa. Ya ce zai yi shekara biyu ya koma gida. Yana maƙabartar garin nan. Mahaifinmu ne ya dawo Shango bayan 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birni, haya ta yi tsada a cikin gari, mutane suka fara gangarowa hanyar Paiko. Filin da gidanmu yake a kai, wani Bagwari ne ya sayar masa, kuma har mutumin ya rasu duk kaka sai ya aiko mana da doya.

To, me doka ta ce game da mu? Mun sa wani ɗalibinmu na Islamiyya da ya karanta lauya ya zauna da mu a shago da kundin tsarin mulki na 1999, ya yi mana bayani dalla-dalla. Hanyar zama ɗan Nijeriya uku ce. Ta farko ta haihuwa, a sashe na 25: wanda aka haifa a ƙasar nan bayan 1 ga Oktoba 1960, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ta biyu ta rajista, a sashe na 26, misali matar da ta auri ɗan Nijeriya. Ta uku a sashe na 27, ita ce ta baƙo tsantsa: in ya zauna shekara 15, yana da halin kirki, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, Shugaban Ƙasa na iya ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya ga dama, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali.

Muka ce masa, to madalla, ina sashen da ya ce in ɗan Katsina ya yi shekara kaza a Neja ya zama ɗan Neja? Ya yi dariya ya ce, "Malam, babu." Abin da ke akwai shi ne tsarin raba daidai tsakanin jihohi a sashe na 14, da sashe na 147 da ya ce minista daga kowace jiha sai ya zama ɗan asalinta, da sashe na 318 da ya ɗaura zama ɗan jiha a kan iyaye ko kakanni su fito daga al'ummar da take ta asali a jihar. Wato Balarabe daga Lebanon yana da ƙofa, da adadin shekaru, da ofishin da zai je. Jikan ɗan dakon tasha, wanda gidansu ya kusa shekara ɗari a garin, ba shi da ƙofar da aka rubuta. Komai ya rataya a kan ganin damar wanda ke zaune a kujera ranar da ka je. Wani ya samu ba wahala, maƙwabcinsa a kore shi. Kuma takardar nan ba ado ba ce: ita ake tambaya wajen ɗaukar soja da ɗan sanda, aikin gwamnati, tallafin karatu, kuma a makarantun jihohi da dama kuɗin da baƙo ke biya ya fi na ɗan jiha.

Ba mu kaɗai jirgi ya zubar a nan ba. Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, Ojukwu ma a can a 1933, marubuci Cyprian Ekwensi kuwa a Minna a 1921. Ba wanda ke lissafa su cikin 'yan Neja. Wasu ƙasashen da masana'antu suka jawo wa baƙi sun bi wata hanya daban. Amurka ta yi wa tsarin mulkinta gyara a 1868 cewa wanda aka haifa a ƙasarta ɗan ƙasa ne, kuma tsakanin 1892 da 1954 mutum wajen miliyan 12 suka shiga ta tsibirin Ellis kaɗai, akasari talakawan Turai masu neman aikin ma'aikatu. 'Ya'yansu ba su koma Italiya neman takarda ba. Ba muna cewa can aljanna ba ce, baƙar fata sun sha abin da suka sha. Amma dai ga ɗan baƙo an rubuta masa hanya.

Inda ba a rubuta ba kuwa, mun ga abin da ke faruwa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Hausawan zango da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka tsinci kansu a bayan manyan motoci. A 1983 mu ma muka yi wa 'yan Ghana irinta a zamanin Shagari. A cikin gida kuma, rikicin Jos na 2001 ai kan wannan magana ta ɗan ƙasa da baƙo ya tashi. Allah Ya kiyaye mana Minna, gari ne da aka san shi da zaman lafiya.

Amma fa mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. In muna hira a shago mukan yi magana kamar Gwarawa rowa kawai suke yi mana. Ba haka ba ne. Mutanen nan sun ga abin da ya faru da 'yan'uwansu da aka yanki ƙasarsu a 1976 aka yi Abuja: gonakinsu sun zama unguwannin masu kuɗi, su kuma an tura su gefe. A nan ma, wanda ya sayar wa mahaifinmu fili, jikokinsa yanzu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kai gona. Kasuwa tana hannunmu, harshenmu ne ake yi a tasha da asibiti, har 'ya'yansu wasu ba sa jin nasu sosai. In suka riƙe takardar nan da ƙarfi, don ita ce kaɗai abin da ya rage da ba a iya saye da ciniki a fili. Mu kuma nawa ne a cikinmu suka iya gaisuwa da Gwaranci bayan shekara hamsin? Mu da ke rubutun nan ma ba mu wuce kalma biyar ba, abin kunya.

A karatunmu na sira mun san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina. Mukan so mu tuna wa masu masauki halin Ansaru. Mukan manta da Abdurrahman ɗan Aufu, wanda aka yi wa tayin rabin dukiya ya yi godiya, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Kakanninmu kasuwa suka nema, aka nuna musu. Abin da jikoki ke nema yanzu ya wuce kasuwa, kuma haƙƙinsu ne su nema, sai dai ba ta hanyar rantsuwar ƙarya ba.

Abin da muka gaya wa dattijon ke nan bayan kwana biyu. Muka ce za mu shaida a gaban kowa cewa a garin nan aka haife shi, da ɗansa, da jikansa, cewa sun biya haraji a nan sun binne matattunsu a nan. Amma cewa tushensu nan ne, alhali mun ji daga bakinsa garin da mahaifinsa ya fito, wannan shaidar zur ce, ba za mu iya ba. Ransa bai yi daɗi ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Da shaidar gaskiyar suka koma ofis, aka ce ba ta isa ba.

Sai muka rufe shago muka raka su ƙauyen da mahaifinsa ya baro. Kwana uku muka yi. Gidan ya zama kango, dangin sun watse. Da ƙyar aka samu wata tsohuwa da ta tuna laƙabin gidan, ita ta kai mu wurin mai gari. Sai da aka sake komawa karo na biyu kafin takarda ta fito, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar buhunan masara da dama. Yaron yanzu a rubuce ɗan wani gari ne da ya gani sau biyu a rayuwarsa, inda yara suka riƙa yi masa dariya wai Hausarsa ta 'yan kudu ce. Da tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya kafin mu je, da ba shi da ko'ina.

A 2025 an kai ƙudiri Majalisar Wakilai da zai ba wanda ya yi shekara 10 a jiha damar zama ɗan jihar, aka yi ta ce-ce-ku-ce, mai ƙudirin ya janye shi. Maganar za ta sake dawowa, kuma in 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, tunda ƙuri'armu dai a nan muke jefa ta, ya kamata mu tambaye su inda suka tsaya kafin mu karɓi atamfa da taliya.

Kafin nan, mun sayi babban littafi mun ajiye a masallaci. Duk mai gida ya zo bayan sallar Isha'i ranar Juma'a, ya faɗi sunan kakansa, garin da ya fito, unguwa da laƙabin gida, shekarar zuwa in an sani, da wanda ya saura a can da zai iya shaida. A zo da tsofaffi mata, sun fi mu riƙe waɗannan abubuwa. Zuwa yanzu gida goma sha ɗaya suka rubuta, uku daga ciki ba su iya tuna sunan ƙauyen ba.