Siya Kolisi: Yaron Zwide da ya ɗaga kofin duniya sau biyu

Yawancinmu ba mu san wasan zari-ruga ba. Mu dai ƙwallon ƙafa muka sani, kuma wanda ya shiga gidan kallo ya ce a sauya masa tasha zuwa zari-ruga, sai ya yi sa'a zai fito da hularsa. To ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80, ƙwallon kuma ba ta da zagaye, ta fi kama da ƙwai. Da hannu ake ɗaukarta a ruga, amma ba a yarda ka jefa wa abokinka ita gaba ba, sai dai baya ko gefe. Wanda ya kutsa ya dire ta bayan layin abokan karawa ya samu maki 5. Su kuma aikinsu su kama shi su kayar. Wasa ne na ƙarti, ana fasa baki, ana karya hanci, a tashi a ci gaba.

A Afirka ta Kudu wannan wasa ya wuce wasa. Zamanin mulkin wariyar launin fata, ƙungiyar ƙasar da ake kira Springboks tamkar tutar Turawa 'yan tsiraru ce, har ta kai baƙaƙen fata da yawa duk wanda ya zo karawa da ita shi suke goya wa baya. Ba wai ba su iya wasan ba ne. A lardin Gabashin Cape 'yan ƙabilar Xhosa sun fi shekara ɗari suna yin sa, da kulob-kulob ɗinsu da gwanayensu, ƙofa ce kawai aka rufe musu. A 1995 da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta kuma cinye, Shugaba Nelson Mandela ya shiga fili sanye da koriyar rigar Springboks mai lamba 6, lambar kyaftin François Pienaar, ya miƙa masa kofi. Duniya ta yi tafi. Amma a cikin 'yan wasan Springboks da suka buga ranar, mutum ɗaya tak ne ba Bature ba, wato Chester Williams.

A lokacin Siyamthanda Kolisi yana ɗan shekara 4. An haife shi ranar 16 ga Yunin 1991 a Zwide, wata unguwar talakawa baƙaƙen fata da ke gefen birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Iyayensa duk ba su kai shekara 20 ba da suka haife shi, don haka kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. Ya sha ba da labarin yadda yake kwana a ƙasa kan matasan kujera, da yadda abin wasansa bulo ne da yake turawa a matsayin mota. Ranar da babu abinci, ruwa ake dama masa da sukari ya sha ya kwanta. Kakar tasa idan ta je ziyara gidan ƙawayenta aka ba ta burodi ko biskit, ba ta ci, sai ta ɓoye ta kawo masa. Ta rasu tun yana firamare. Mahaifiyarsa Phakama ita ma ta rasu yana da shekara 15.

Mun san yadda ake ba da irin wannan labari a taron safe na makaranta ko ranar ba da kyaututtuka. Babban baƙo zai miƙe ya ce ga wani yaro can ɗan talakawa, ya dage, ya yi haƙuri, yau ga shi duniya ta san shi, don haka ku ma ku dage. Mu da muka bar sakandare shekara biyu ko uku da suka wuce mun ji irin wannan jawabi har mun haddace. Ba ƙarya ba ne, amma rabin magana ce. Idan muka bi rayuwar Kolisi daki-daki, a kowace gaɓa za mu tarar da hannun wani.

Hannu na farko na kakarsa ne. Na biyu na kulob ɗin unguwa ne, African Bombers, inda ya fara wasa yana ƙaramin yaro a filin Dan Qeqe, filin da mutanen yankin suka gina wa kansu zamanin wariya domin su samu inda za su yi wasa ba tare da an tambayi launin kowa ba. Na uku na wani malami ne mai horar da yara, Eric Songwiqi na firamaren Emsengeni, wanda ya hango wani abu a jikinsa ya jawo shi kusa. Yana da shekara 12 aka kai su wata gasar yara a garin Mossel Bay, a can masu neman 'yan wasa suka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey da ke Port Elizabeth.

Tsakanin Zwide da Grey tafiyar kamar minti 15 ce a mota. Amma da ya isa sai ya ga kamar wata ƙasa ya shiga. Ga gado nasa shi kaɗai, ga abinci sau uku a rana, ga filayen wasa masu ciyawa, ga takalma. Bai jin Turanci, sai da wani abokin ajinsu ya riƙa koya masa, shi kuma yana koya masa yaren Xhosa. Ku da kuke makarantar kwana kun san zafin zama baƙo a makon farko, to ku ƙara da cewa ko tambayar hanyar ɗakin cin abinci ba ka iya yi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da Kolisi da kansa ya faɗa game da wannan sauyi. A wata hira da ya yi da 'yan jaridar Japan kafin gasar 2019, ya nuna cewa da bai shiga waccan makaranta ba, da bai samu abinci mai kyau ba, da jikinsa bai girma yadda ya kamata ba, da kuma bai samu horo irin na sauran yara ba. Ku lura, bai ce ya fi yaran Zwide baiwa ko ƙwazo ba. Maganar abinci ya yi. A wasan da ƙarfin ƙashi da nauyin jiki ke raba gardama, yaron da ya kwana da ruwan sukari a shekarun girmansa an riga an cinye shi tun kafin a busa usur. Yara nawa ne a Zwide suke da gudu da zuciya irin tasa amma ba a kai su Mossel Bay ba, ko an kai su ranar ba ta zo musu da sa'a ba? Babu mai lissafinsu.

Daga Grey hanya ta buɗe. Ya koma Cape Town ya buga wa Western Province da Stormers. A watan Yunin 2013 ya fara sa rigar ƙasa a wasa da Sikotilan. Daga benci ya shigo minti kaɗan da farawa saboda wani ya ji rauni, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan. Sai dai kada mu ɗauka daga nan komai ya miƙe. A littafin tarihin rayuwarsa mai suna Rise, wanda ya fito a 2021, bai ɓoye ba cewa ya faɗa shan giya da shashanci, yana neman mantawa da abubuwan da ya gani yana yaro, har sai da na kusa da shi suka tsaya a kansa kafin ya dawo hanya. Mun ga wannan ya fi ƙara masa daraja a idonmu. Mutane nawa ne za su kai inda ya kai su yarda su tona wa kansu asiri a rubuce?

A watan Mayun 2018 sabon koci Rassie Erasmus ya naɗa shi kyaftin. Springboks sun fara buga wasan ƙasa da ƙasa tun 1891, kuma a duk tsawon shekarun nan baƙar fata bai taɓa jagorantar su a irin wannan wasa ba. Surutu ya tashi. Wasu suka ce don launinsa aka ba shi, domin a lokacin ana ta gardama kan tsarin ware wa baƙaƙen fata gurabe a ƙungiyar. Wasansa na farko a matsayin kyaftin da Ingila ne, ranar 9 ga Yuni, a filin Ellis Park na Johannesburg, filin da Mandela ya miƙa kofi a 1995, kuma shi ma lamba 6 ce a bayansa. Kafin a yi minti 20 Ingila na da 24, su suna da 3. Ku yi tunanin abin da masu gulma suka fara shiryawa a bakinsu. Aka tashi 42 da 39, Afirka ta Kudu ce a sama.

Yadda yake jagoranci ma abin dubawa ne, musamman gare ku da aka ba muƙami a makaranta. Mun saba da shugaban ɗalibai mai son a ji muryarsa shi kaɗai, bulala a hannu. Kolisi ba haka yake ba. Aikin mai lamba 6 shi ne aikin wahala: kayar da mai ƙwallo, kutsawa cikin turmutsutsu, share wa wasu hanya, aikin da kyamara ba ta cika nunawa ba. Kuma ya raba ragamar. Abin da ya shafi bugun ƙwallo da dabarar kai hari ya bar wa irin su Handré Pollard, abin da ya shafi ƙartin gaba ya saurari irin su Duane Vermeulen da Eben Etzebeth. Sau da yawa koci na cire shi kafin a tashi, a sa wani mai sabon ƙarfi, ya koma gefe yana yi wa 'yan uwansa kirari. A ganinmu wannan hali yana da nasaba da inda ya fito. Wanda ya san da hannun mutane aka ɗago shi, ba ya jin nauyin cewa wane ya fi ni sanin wannan fanni, ku saurare shi.

A gasar kofin duniya ta 2019 a Japan, sun fara da rashin nasara a hannun Niyu Zilan, 23 da 13. Kafin lokacin babu ƙasar da ta taɓa shan kaye a rukuni sannan ta ci kofin. Suka yi ta haurawa har wasan ƙarshe a Yokohama ranar 2 ga Nuwamba, suka lallasa Ingila 32 da 12. Wasansa na 50 ke nan a rigar ƙasa. Mahaifinsa na cikin 'yan kallo, karo na farko da ya taɓa fita ƙasar waje. Shekara 12 kafin nan, da Springboks suka ci kofin 2007, a wata mashaya ta unguwa Kolisi ya kalli wasan, saboda babu talabijin a gidansu.

A wannan wasa na Yokohama akwai wani da ya kamata ku san sunansa, Makazole Mapimpi, wanda ya fara dire wa Afirka ta Kudu ƙwallo a bayan layi a tarihin wasanninta na ƙarshe. Shi ma ɗan Gabashin Cape ne, daga wani ƙauye da ake kira Tsholomnqa. Shi babu wanda ya ba shi gurbi a babbar makaranta. A makarantar ƙauye ya yi karatu, ya rasa mahaifiyarsa da 'yan uwansa, ya yi ta fama a ƙananan kulob, bai sa rigar ƙasa ba sai yana da shekara 27. Kolisi kuwa yana gab da cika 22 ya sa ta. Shekara biyar ke nan tsakaninsu, kuma a rayuwar ɗan wasa shekara biyar kusan rabin zamaninsa ne. Mapimpi ya iso, amma da kyar, kuma irinsa da suka gaji a hanya suka koma gida sun fi yawa.

Saura wata biyar a fara gasar 2023 a Faransa, jijiyar gwiwar Kolisi ta samu mummunan rauni yana buga wa kulob ɗin Sharks na Durban. Irin raunin da kan kwantar da ɗan wasa wata shida zuwa tara ne. Aka yi masa tiyata a ƙarshen Afrilu, ranar 19 ga Agusta ya dawo fili. Abin da ya biyo baya sai mai ƙarfin zuciya: sun fitar da Faransa mai masaukin baƙi 29 da 28, suka fitar da Ingila 16 da 15, suka doke Niyu Zilan 12 da 11 a wasan ƙarshe ranar 28 ga Oktoba. Wasa uku a jere, kowanne da tazarar maki ɗaya. A wasan ƙarshen har katin gargaɗi aka ba shi, ya yi minti 10 a waje yana kallo. Da wannan nasara ya zama kyaftin na biyu a tarihi da ya ɗaga kofin sau biyu a jere, bayan Richie McCaw na Niyu Zilan, ƙasarsa kuma ta zama ta farko da ta ci sau huɗu.

Ba za mu ce kofi biyu sun gyara Afirka ta Kudu ba. Rashin aikin yi na nan, kashe-kashe na nan, kuma har yanzu mafi yawan 'yan wasan Springboks, baƙaƙe da farare, daga 'yan tsirarun manyan makarantu irin su Grey suke fitowa. Kolisi ya san haka. Ya sha nanata cewa burinsa shi ne kada yaro ya zama sai ya bar unguwarsu kafin ya samu dama. A 2020 aka kafa gidauniya da sunansa, ta fara da rabon abinci da kayan kariya lokacin annobar korona. Daga baya ta ɓullo da wani shiri a wasu makarantun Zwide, inda ake haɗa wa yara wasanni da karatu da kuma abinci, tun da shi ya san wanne ne ke zuwa farko. Sunan shirin Siyaphakama, wato "muna tasowa" a yaren Xhosa. Idan kuka raba kalmar gida biyu za ku ga sunansa da na mahaifiyarsa.