Kalmomin da na ji a Sabon Garin Zariya

Mu 'yan sashen ilimin harsuna muna da wata cuta: ko wurin biki munka je, mutane na kallo, mu kuwa kunne muke kasawa. Da wannan cutar na tsaya bakin titi a Sabon Garin Zariya, wata Lahadi a ƙarshen Nuwamba, lokacin da na je neman littattafai a Jami'ar Ahmadu Bello. Ranar ce 'yan Katolika ke bikin Kristi Sarki, wanda Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1925. A Najeriya ranar suke fitowa da jerin gwano, don lokacin damina ta wuce.

Ni ɗan Damana ne, na tashi da Zabarmanci a gida, Hausar Kurfai kuma a kasuwar Filinge. Ban taɓa ganin irin wannan fita ba. Abokina da ya kai ni ya ce, "Kai dai tsaya nan, malam, ka sha kallo."

Gicciye ne a gaba, sai yara cikin fararen kaya, wasu da kyandir, wani na kaɗa kaskon turare a jikin sarƙa. Can baya ga Fada ƙarƙashin wata alfarwa da mutum huɗu ke riƙe da ita, ya ɗaga wani abu mai ruwan zinari, gurasar da sunka tsarkake na ciki. In ƙararrawa ta kaɗa, sai jama'a su durƙusa kan kwalta, har da tsofaffi. Alfarwar nan ta tuna mini da laimar sarki ranar hawan Sallah. Ashe dai Sarki sunka ce sun fito rakiya.

Waƙa kuwa kowane rukuni da harshensa: Latin, Turanci, Igbo. Sai ga 'yan Zumuntar Mata, zanensu iri ɗaya, suna buga bakin tulu suna waƙa da Hausa. Nan na ciro alƙalami. Abin da na rubuta ke nan: Allah, Ubangiji, alheri, gafara, zunubi, albarka, salama, amin. Babu ɗaya cikinsu da ban ji a bakin kakata ba bayan sallar asuba. Yawancinsu daga Larabci Hausa ta aro su, ta hanyar Musulunci, masu fassarar Littafi Mai Tsarki kuma sunka same su a bakin jama'a sunka yi aiki da su. Cikakkiyar fassarar ta fito tun 1932. Haka yake a Zabarmanci: da Musulmi da Kirista, Irkoy suke kira.

Ba cewa nake addinin ɗaya ne ba. Abin da suke durƙusa wa, ni ba na durƙusa masa, su ma sun sani. Wasu masu kanti sun leƙo, wasu sun kau da kai, ga 'yan sanda a kowace mararraba, alamar ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Mu ma a Nijar mun san haka: a Janairun 2015 an ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, har an rasa rayuka.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda muke magana a gida. In an ce "Kirista", sai mu ji kamar an ce baƙo, ɗan bakin teku, wanda ba ya jin maganarmu. Alhali babban limamin Katolika na Yamai, Laurent Lompo, ɗan ƙasar nan ne, haihuwar jiharmu ta Tilaberi. Matan nan na Zariya kuma Hausarsu ba ta da gargada ko kaɗan.

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu na neman abin da za su rubuta kundin ƙarshen karatu a kai. Ga Hausa da Zabarmancin coci a Yamai, Dogonduci da Maraɗi. A ɗauki rakoda, a nemi izini, a je a saurara.