Cacar Ƙwallon Kwamfuta: Wasan Da Ba Ƙafar Da Ta Buga

Muna so mu yi magana a kan wata caca da ta shigo wa samarinmu na Dutsen Abba da Tudun Wada da sauran sassan Zariya, watau cacar ƙwallon kwamfuta, wadda masu yinta suke kira "Baby". Mun ga ya kamata mu bayyana yadda take aiki, domin wanda bai san rami ba, ba zai iya hana ɗansa faɗawa ba.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawanmu sun san zamanin 'yan pul, lokacin da mutum kan cike takarda ya jira wasannin Ingila na ranar Asabar. A shekarar 1977 gwamnatin soja ta yi dokar hana na'urorin caca. Daga baya intanet ta zo, aka kafa NairaBET a 2009, Bet9ja kuma a 2013, waɗansu suka biyo baya, har caca ta shiga wayar da ke aljihun yaro.

To, mene ne wannan ƙwallo? A fuskar talabijin na shago, ko a waya, za ka ga ƙungiyoyi masu kama da na gasar Ingila, ga 'yan wasa suna gudu, ga 'yan kallo suna shewa. Amma duk zane ne, babu fili, babu ɗan wasa mai rai. Akwai wata manhaja a cikin kwamfuta wadda aikinta jefa ƙuri'a, ita ce take fitar da sakamako bisa ma'aunin da aka tsara mata, sa'an nan a nuna hoton da ya dace da shi. Watau ƙuri'a ce ta yanke hukunci, guje-gujen ado ne kawai. Wasa ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci, da ya ƙare wani ya fara, dare da rana, har a gama kakar wasa guda cikin 'yan sa'o'i.

Ta ina mai cacar yake cin riba? Ga misali mai sauƙi. A ce mutum 100 sun zuba Naira 100 kowannensu a kan abin da ko ya faru ko bai faru ba, rabi nan rabi can. An tara Naira 10,000 ke nan. Da raba daidai za a yi, kowane mai nasara Naira 200 zai karɓa. Amma idan aka rubuta masa Naira 190, mutum 50 za su kwashi Naira 9,500, saura Naira 500 ta zauna wa mai caca, ko wane ɓangare ya ci. Wanda kuwa ya haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya don kwaɗayin babban ci, wannan ragi yakan hau kansa sau goma, har a wannan misali abin da ake zaftarewa ya kai kimanin Naira 40 cikin 100.

Sauri shi ne babban dafin abin. Idan ana sake wasa kowane minti 3, mai zuba Naira 200 ya zuba Naira 4,000 cikin sa'a guda. Ɗan pul na da yana da mako guda na yin nadama, ko wani babba ya yi masa faɗa. Na yanzu kuwa kafin zafin hasara ya huce an buɗe wani wasan, zuciya tana ce masa rama. Da haka kuɗin acaɓa na yini, da kuɗin taki, da kuɗin makaranta suke narkewa, daga nan a shiga bashi, wani har ya kai hannu ga abin da ba nasa ba.

Mukan ji samari suna cewa ai wannan ilmi ne, ba sa'a ba. Waɗansu har littafi suke ajiyewa suna rubuta sakamako, wai ƙungiyar da ta faɗi sau biyar lalle ta ci na shida. Ƙuri'a ba ta tuna jiya, kowace jifa sabuwa ce. Masu tallar "lambobin tabbas" a Facebook kuwa, da suna da su da ba su nemi ɗari biyar ɗinka ba.

Hukuncin addini a sarari yake. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, an haɗa caca da giya wuri guda aka hana su, aka kuma bayyana cewa suna haddasa gaba da ƙiyayya, suna shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya ga mai jiran sakamako alhali ladan yana kira, ya san gaskiyar wannan. Sauya wa abu suna ba ya sauya hukuncinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka, saboda haka wanda ta kama yana bukatar jiyya da jan hankali, ba zagi kaɗai ba.

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce tsara wannan harka hakkin jihohi ne. Ke nan muna da damar kai kukanmu ga wakilanmu a majalisar Kaduna. Sai dai rufe shago ba ya rufe waya.

Saboda haka aikin yana wuyanmu. Limamanmu su riƙa bayyana wannan lissafi a huɗuba, malaman Islamiyya su koya wa yara shi. Mai shago ya dubi wanda zai ba haya. Uba ya san inda kuɗin ɗansa yake zuwa, masu hali kuma su taimaka wa samari da jari da sana'a, gama zaman banza ne yake kai da yawansu can. Wanda ya tuba mu karɓe shi, kada mu riƙa yi masa gori.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya wadata mu da halal. Amin.