Birnin Tudu: Inda Tamaula Ta Ƙwace Wa Fim 'Yan Kallo

Duk wanda ya sauka Birnin Tudu ta ƙaramar hukumar Bakura da yammacin Asabar, zai ga samari sun taso daga gonakin shinkafar da ruwan Bakolori ke shayarwa, sun nufi gidan kallo mai janareta. Da can finafinan Ali Nuhu da marigayi Ibro ake rububi. Yanzu kuwa in Arsenal na karawa da Chelsea, fim sai dai ya jira.

Abin sha'awa, wasan ɗaya ne amma sunansa barkatai. Dattawan garin tamaula suke cewa, 'yan makaranta ƙwallon ƙafa, yara kuma "bal". Ba a nan kaɗai ba. A Amurka, wadda ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a 1994, "soka" ake cewa, domin "futbol" a wurinsu wani wasa ne da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Ostareliya ma sai a 2005 hukumar ƙwallonta ta cire "soka" daga sunanta.

To 'yan fim, a farka! Kowane suna aka ba ta, ƙwallo ta kwashe maku 'yan kallo.