Garwa da Lagdo: A Sawun Kawu Injiniya

A Najeriya, duk wanda ya ji sunan madatsar ruwa ta Lagdo ambaliya ce ke faɗo masa a rai. Da damina ta yi nisa sai rediyo ta fara shela cewa Kamaru za ta saki ruwa, mutanen bakin Binuwai su tashi. An sha wuya a 2012, aka sake sha a 2022, tun daga Yola har Makurɗi da Lokoja. A gidanmu kuwa, in an ce Lagdo, Kawu ake nufi, yayan mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ɗakin injin wannan madatsa. Sadakar arba'in ɗinsa ce ta tashe ni zuwa Garwa.

Ta Belel muka tsallaka, muka canza naira zuwa sefa, muka bi ta Demsa da Gashiga cikin ƙurar hunturu. Lokacin cirar auduga ne. Kowane ƙauye da tulinta fari fat a bakin hanya, ana jiran motocin Sodecoton, kamfanin da aka kafa a 1974 mai hedkwata a Garwa.

A unguwar Hausare na tarar an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, ana gaisawa da Hausa ana amsawa da Fulatanci. Na durƙusa gaban matarsa. "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya, ɗan nan. Shiga ɗakin kawunka ka gani, ba a taɓa komai ba."

Littattafai ne jere a kan kanta, masu baƙin bango, shekara da shekaru. A na farkon, kowace safiya ya rubuta tsayin ruwan tafki da zafin man injin, da ƙananan lambobi masu tsabta. Bayan ya yi ritaya hannun bai huta ba: ranar rigakafin kowane jika, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninsa marigayi, zurfin rijiyar gida a watan bazara. Kusa da su akwai doguwar sukuddireba mai marikin katako. Da ita yake sauraren inji, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfe, ya kara marikin a kunne, ya gane abin da ke shirin lalacewa tun bai lalace ba. Jikokinsa sun ce haka yake yi wa injin niƙan maƙwabta har ya haura tamanin, kuma bai taɓa karɓar ko dala ba.

Kawu ya taso tashar jiragen ruwa ta Garwa tana raye. Da ruwa ya cika, jirage kan hauro daga gaɓar teku ta Lokoja su yi lodin auduga da gyaɗa, har yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya karya wannan ciniki. A 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, shi ma haifaffen Garwa, injiniyoyin ƙasar Sin suka fara gina Lagdo, aka gama a 1982. Baƙi suka tattara suka koma gida. Irin su Kawu aka bar wa injuna huɗu masu ba da megawat 72, waɗanda ke haska Garwa da Marwa da Ngaundere. A ganina wannan rabin aikin ya fi nauyi, amma wanda ya gina ake tunawa, mai riƙon shekara talatin sai iyalinsa.

Bayan addu'a babban ɗansa ya ɗauke ni a mota. Muka haye gadar Binuwai, inda dorina ke leƙowa a ƙasa, muka miƙi hanyar Ngong, muka ratse gabas. Bangon madatsar yana tsakanin duwatsu, tsawonsa mita 308, tsayinsa mita 40, bayansa kuma ruwa ne iya ganinka, kusan murabba'in kilomita 586. Masunta Musgum da Kotoko da Hausawa sun kafa sansani a gaɓa, hayaƙin banda na tashi, kifin da wani ɓangarensa kasuwannin Najeriya zai nufa. Yashi da laka na ta cike tafkin, in ruwa ya ja baya wuta ta ragu, shi ya sa aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar.

Ɗan nasa ya ce maganar ambaliya ta daɗe tana cin Kawu a rai, don ƙanwarsa a Yola take. Duk shekarar da aka buɗe ƙofofi, sai ya aika mata ta kwashe kaya zuwa tudu. Bai taɓa ɓoye cewa madatsar ta cuci manoman masakwa na fadamar Garwa ba, waɗanda ambaliyar shekara ce ke jiƙa musu ƙasa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne madatsar Dasin Hausa a jihar Adamawa ta Najeriya, wadda aka tsara don ta tare ruwan da Lagdo ke saki, har ya koma ga Allah ba a kammala ta ba.

Kafin in kamo hanya iyali suka zauna kan littattafan. Inna ta yanke hukunci: na gida su zauna a ɗakinta, na tafki a ba jikarsa da ke karatun injiniya a Marwa ta shigar da su kwamfuta.