Yaron da na hana shan ruwa

Na fi shekara goma ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Dakoro, kuma babu darasin da na haddace kamar na ƙwayar halitta. Ina shiga aji sai in zana da'ira a allo, in ɗiga ɗigo a tsakiya, in ja kibiyoyi in rubuta sunayen sassanta da Faransanci. Yara su kwafa, ranar jarrabawa su mayar mini da abina, in ba su maki. A duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar da'irar nan a matsayin abin da ya shafi wani mai rai da ke zaune a gabana ba.

Akwai wani yaro a layi na uku, siriri, fararen idanunsa sun ɗan yi rawaya. Ya cika fashi, musamman da hunturu. In ya zo kuma, kafin a yi rabin darasi ya ɗaga hannu zai je shan ruwa, jim kaɗan ya sake ɗagawa zai zaga. Ni kuwa ina da doka: ba a fita sai an buga ƙararrawa. Wata safiya cikin watan Janairu, ana iska mai ƙura da sanyi, ya makara, na haɗa shi da sauran makararru suka zaga fili da gudu sau uku. Da ya nemi ruwa na ce ya jira hutu. Kashegari bai zo ba, har mako biyu.

Da na bi sawu gidansu, na tarar da shi kwance, an ɗaure masa ƙafafu da tsumma saboda zogi. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, sannan ya ce, "Mushe, ai emasi gare shi. Na aza kun sani." Wato amosanin jini, abin da 'yan Najeriya ke kira sikila. Ban sani ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san sunan cutar da Faransanci, har na taɓa koyar da ita cikin layi biyu a darasin gado.

Daga nan na koma karatu, kuma abin da na fahimta shi nake so in faɗa wa 'yan'uwana malamai da iyaye, don ya sauya yadda nake tafiyar da aji fiye da duk wani horon da aka taɓa ba ni.

Jar ƙwayar jini ba ta yi kama da da'irar da nake zanawa ba, don in ta girma ba ta ma da ɗigon nan na tsakiya. Siffarta kamar masa ce da aka danna tsakiyarta ta fuska biyu, kuma sai ka jera wajen 130 kafin su cika milimita ɗaya. Duk da ƙanƙantarta, akwai jijiyoyin da suka fi ta ƙunci, sai ta lanƙwashe ta kutsa, ta fita ta koma siffarta. Wannan taushi shi ne jarinta. Cikinta cike yake da wani sinadari, himogulobin, mai ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga tsoka da ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Himogulobin kuwa jiki yana ƙera shi ne bisa umarnin da ke rubuce a DNA, rubutu mai haruffa huɗu kacal da ake karanta su uku-uku. Ku ɗauki ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa kamar carbi mai 'ya'ya 146, kowane haruffa uku suna faɗin irin ɗan carbin da za a zura. A wurin ɗa na shida, yawancin mutane suna da GAG. Yaron nan yana da GTG, daga uwa da kuma daga uba. Harafi ɗaya ne ya sauya, sai aka zura balin a gurbin gulutamik. Gulutamik yana shiri da ruwa. Balin kuwa halin mai gare shi, gudun ruwa yake yi, yana neman inda zai manne ya ɓuya.

Muddin himogulobin yana riƙe da oksijin, balin ba ya samun mamanna. Da zarar ya sauke kayansa, sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan gurbi ya buɗe a jikinsa, balin na maƙwabcinsa ya faɗa ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna kamar an tura damin kara cikin salka. Ƙwayar ta miƙe, ta sandare, ta yi siffar lauje. Irin waɗannan su ke cushewa a ƙananan jijiyoyi, jini ya tsaya, abin da ke gaba ya rasa iska. Zogin da na gani a ƙafafun yaron nan ke nan. Kuma ƙwayar da ta sha wannan lanƙwasa ba ta daɗewa: lafiyayya takan yi kwana 120, ita kuwa tsakanin 10 da 20 ta fashe. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sandunan ba sa haɗuwa nan take. Akwai ɗan jinkiri kafin su fara, ƙwayar kuma cikin kamar daƙiƙa ɗaya take ratsa ƙaramar jijiya. In ta fita ta koma huhu kafin su haɗu, ta sha, oksijin ya wargaza abin da ya fara taruwa. Tsere ne ake yi a jikin yaro dare da rana, kuma galibi shi ke ci, shi ya sa za ka gan shi yana wasa lafiya lau wata da watanni. Abin da ke sa ya faɗi a tseren sananne ne. In jiki ya rasa ruwa, ƙwayar takan tsotse, himogulobin ya cunkushe, kuma ƙarin cunkoso kaɗan yana gajarta jinkirin nan ninki-ba-ninki. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, tafiyar jini ta yi nawa. Gudu yana sa tsoka ta zuƙe oksijin. A safiya ɗaya na haɗa masa duka ukun, ina ganin tarbiyya nake yi. Yawan zagawar da nake ɗauka dabarar gudun darasi ce, ashe ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, dole su yawaita fitsari, dole su yawaita sha.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. Wani likita a Cikago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himogulobin take, sannan Vernon Ingram a Ingila ya gano ɗan carbin da aka musanya a 1956 da 1957. Anthony Allison kuma ya nuna a 1954, a gabashin Afirka, cewa mai ɗauke da harafin daga ɓangare ɗaya, wato AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau. Ni kaina sai bayan wannan abu na je Maraɗi na yi awo.

A zuwana na biyu mahaifiyarsa ta yi magana daga bayan zana. Ta ce an haife shi ɓul-ɓul, sai da ya kai wata shida hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, dangin miji suka ce nononta ne ba shi da kyau. Ta yi shekaru tana ɗauke da wannan magana. Nono kuwa bai yi laifin komai ba. Jariri a ciki yana da nasa himogulobin daban, wanda ba ya shiga cikin sandunan nan, har hana su haɗuwa yake yi. Bayan haihuwa wani sinadari mai suna BCL11A yakan rufe ƙera shi a hankali, na manya ya karɓi aiki, kuma wajen wata shida ne canjin yake nisa har cutar ta bayyana. Na yi mata bayani iyakar iyawata, na ƙara da cewa yaro ba ya zama SS sai ya karɓa daga iyaye biyu, kuma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu. Maigidan ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ban ji daɗin faɗa ba, amma ban ga adalcin barin kayan a kan mutum ɗaya ba.

Wannan makunnin na jarirai shi masu bincike suka bi. Maganin hidiroksiyuriya yana ƙara yawan himogulobin na jarirai a jini, an kuma gwada shi a kan yara a asibitocin Kano domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki. A Nuwamba 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara DNA ɗinsu don a rage ƙarfin BCL11A, a mayar da su jiki. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, fiye da sefa biliyan ɗaya. Na karanta, na yi murna da ilimin, na rufe wayar. Cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta tana Yamai, tafiyar yini guda daga nan, kuma wannan ma ba kowane uba ke iya ta ba. Jihar Kano ta wajabta awon jini kafin aure a 2024. Mu a nan ko ba doka, iyaye na iya neman awon da ke bambance AS da SS, don gwajin Emmel da aka fi sani yana nuna akwai harafin ne kawai, ba ya faɗin daga ɓangare nawa.

Abin da ke hannun malami kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. A farkon shekara yanzu ina aika wa iyaye su sanar da ni a asirce in ɗansu yana da cutar. Na ajiye randa da moɗa a bayan aji, kowa ya sha ba sai ya nemi izini ba, don kada a gane wa aka ajiye wa. Da hunturu wanda ya zo da rigar sanyi a kan kayan makaranta ba na cewa ya tuɓe. Zazzaɓi a jikin irin wannan yaro ba na jira a tashi, gidan likita za a kai shi a lokacin. Horon gudu kuwa na daina shi ga kowa.

Yaron ya dawo aji cikin Fabrairu, ya rame, yana ɗan ɗingishi. Da muka zo darasin jini a wannan shekarar na zana ƙwayoyi biyu a allo, masa da lauje, ban dubi layi na uku ba. Bayan an tashi ya tsaya har kowa ya fita, ya zo ya nuna laujen da yatsa ya ce, "Mushe, in ta koma huhu tana miƙewa?" Na ce tana komawa yadda take, sau da yawa, kafin ta gaji. Ya kwafi zanen biyu a bayan littafinsa, ya sha ruwa a randa, ya tafi.